Kwanon Inna Ya Koma Wofi

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, jama'a. Masu zagin Munira tun ba su ji ta bakinta ba, da masu cewa tsohuwa ta ci tuwonta ta yi shiru, duk ku matso kusa. Wanda yau ya fara shigowa kuma kada ya dame ni da tambaya, ga inda muka kwana.

Inna Sa'a ita kaɗai ta rage a gidan marigayi Malam Yakuba baduku, cikin Birni, gidan da a da ake tuƙa tuwon mutum ashirin da uku a tukunya guda. Shekara uku ke nan da ɗanta na fari, Mutari, ya sami aiki a masana'antar nan ta bayan gari, ya kwashe matarsa Munira da 'ya'yansu biyu, Fati da Zakari, suka koma gidajen ma'aikata da ake ce wa Site. Ranar tashin ya durƙusa a gabanta ya ce:

"Inna, ba zan taɓa yin nisan da tuwo zai huce kafin ya iso gare ki ba."

Tun daga ranar, kullum bayan azahar Hamisu mai kabu-kabu, wato babur ɗin haya, yake kawo mata kwano ɗaure cikin ƙyalle. Kullum bayan la'asar kuma Mutari ya kira ta a waya.

To, kwana uku ke nan a jere Inna tana mayar da kwanon wofi.

*

Wanda bai tashi a irin gidan nan ba zai ce to mene ne a ciki. A gidan Malam Yakuba kwano ba ya komawa wofi. Ko dabino uku ne, ko aya, ko ɗan ƙullin kuka, sai an saka wani abu. In ka ga an wanke an rufe an miƙo maka haka nan, to magana aka faɗa maka: ka yi laifi, zo ka ji.

Munira ta san wannan sarai. Bara waccan da zazzaɓi ya kayar da Inna ta manta ba ta saka komai ba, ko la'asar ba a kira ba sai ga Munira da farar rigarta ta aikin farmasi, ido jajir, ta zube a ƙofar ɗaki tana cewa, "Inna, me muka yi?"

Wannan karon kwana uku, ko tari ba wanda ya yi.

Inna ba ta gaya wa kowa ba. Ta dai shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, carbi a hannu, amma Allah na gani ba tasbihi kaɗai take ja ba.

Babur ya tsaya a ƙofar gida. Hamisu ya yi sallama ya shigo. Mutum ne da ya ba arba'in baya, abokin wasan ƙasar Mutari, tun yana yaro yake cin ƙanzo a gidan nan. Ya durƙusa ya ajiye kwano.

"Inna, ina wuni? Ga saƙo."

"Lafiya lau. Daga ina?"

Ya ɗago kai. Shekara uku yana kawo kwanon nan ba ta taɓa tambayarsa daga ina ba.

"Daga gida mana, Inna."

"Wane gida? Gidaje da yawa a Damagaram."

"Gidan da aka saba."

Ta ɗora bayan hannunta a jikin kwanon, ta janye da sauri.

"Hamisu, babur ka sake ne?"

"A'a, shi ne dai tsohon nan."

"To ko hanyar Site aka naɗe ta gajarce? Da can tuwon nan da ɗan ɗuminsa yake isowa. Yau sati nawa yana ƙona mini hannu."

"Ai gudu nake yi yanzu, Inna."

"Da wannan akwalar taka?"

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Bari in koma, akwai masu jirana."

"In ka fita ka biya Zango ka ce wa Jummai ina nemanta."

"Ai yanzu na baro ta tana wanke tukun..."

Ya kama bakinsa. Amma fa maganar ta riga ta fita, ta zauna a tsakar gida tana kallonsu su biyu.

"Tana wanke me?"

"Wai... ta ƙofar gidanta na wuce."

"Daga kan babur ka hango tukunya a tsakar gidan mutane. Allah ya ƙara wa idonka lafiya. Je ka ɗauko mini ita. Wayarka kuma bar ta nan, in ka dawo ka karɓa."

"Inna, wayar ai..."

Ta miƙa hannu kawai. Mutumin da ya ci ƙanzonki shekara goma ba ya musu da hannunki. Ya zaro wayar ya ɗora mata a tafi.

*

Jummai ita ke bin Mutari, tana aure a Zango, tafiyar da ko ruwan zafi ka ɗauko ba zai huce ba kafin ka iso Birni. Ta shigo da fara'arta har kunne, irin fara'ar da aka shirya tun a hanya.

"Inna, lafiya? Hamisu ya zo mini a firgice."

"Lafiya lau. Zauna. Kai kuma jira a zaure."

Kwanon yana nan yadda aka kawo shi, ba a kwance ba. Inna ta shiga ɗaki ta fito da wani kwano da wani ƙyalle, ta ajiye a gaban 'yarta.

"Ɗaure mini wannan, zan aika wa maƙwabta. Yatsuna sun ƙi yau."

"Wannan ne kiran? Haba Inna."

Ta ja kwanon, ta haɗa bakin ƙyalle biyu, ta murɗa, ta ƙulle, ta sake haɗa biyun da suka rage. Ko kallon hannunta ba ta yi ba.

Inna ta ɗauki kwanon ta ajiye shi kusa da na Hamisu, gefe da gefe.

"Duba."

"Me zan duba?"

"Ƙullin."

Jummai ta duba. Fara'ar ta fara sauka a hankali.

"Duk duniya," in ji Inna, "mai ɗaura ƙyalle dama yake ɗorawa a kan hagu. Munira haka take yi, har ta bar 'yan kunnuwa biyu a tsaye. Mutum ɗaya na sani mai ɗora hagu a kan dama, ƙullin ya kwanta ta baya. Na bugi hannun nan nata har na gaji, bai daina ba."

"Inna, ai bahagwai da yawa a gari."

"Da yawa. Amma guda na haifa."

Inna ta ci gaba.

"Kin yi ƙoƙari, ban raina miki ba. Har daddawar batso kika nemo, don kin san Munira 'yar Mirriya ce, da ita take miya. Gishiri ma kin rage saboda tansiyon ɗina, hawan jinin nan. Amma kwano ya je miki wofi kwana uku, Jummai. Ke da aka haifa a ɗakin can. Ba ki ji komai ba?"

Jummai ta sunkuyar da kai.

"Na ɗauka mantuwa kika yi."

"Kwana uku?"

"Wallahi Inna abubuwa sun yi mini yawa, ga yara, ga ɗinki, ko buɗewa ba na yi, sai in..."

Ta tsaya. Ita ma ta ji abin da bakinta ya faɗa.

"Wato gidanki yake zuwa."

"Inna..."

"Dabinon da nake sa wa Fati fa? Ayar Zakari? Hular da na saƙa masa?"

"Suna nan. Na adana su a leda, ban taɓa ko ɗaya ba."

 Da 'ya'yan Jummai ne suka cinye, da Inna ta yi faɗa ta huce. Amma a adana? Ana adana abu ne don wanda ba ya kusa.

"Tun yaushe?"

"Bai daɗe ba."

"Na ce tun yaushe."

"Bayan sallah da kaɗan."

"Wata biyu ke nan. Munira ba ta da lafiya ne?"

"E... wato jikin nata ne..."

"Shekaranjiya na ji muryarta a waya, garau."

"Aikin farmasin ne ya yi mata yawa, shi ne na ce bari in taimaka."

"Yanzu kika ce jiki. Zaɓi guda."

Jummai ta fara murza bakin mayafinta. Inna ta matso, ta rage murya, don abin da za ta tambaya ya fi ƙarfin a ji shi a zaure.

"Yayanki ya sake ta?"

"A'a! Wallahi a'a, suna tare lafiya lau."

"To ta ce ta gaji da ni? Faɗi, ba zan mutu ba. Yarinya mai aikin gwamnati, kullum tuwon tsohuwa, ai da gajiya."

"Kada ki ɗauki alhakinta, Inna. Munira kuka ta yi ta yi ranar da..."

"Ranar da me?"

"Ba komai."

"Ranar da me, Jummai?"

"Na rantse masa, Inna! Ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Ya ce shi zai gaya miki da bakinsa in ya sami lokacin da ya dace. Likita ya ce kada a tayar miki da hankali, ke ma kin sani."

Inna ta jingina da bango. Ta bi ƙofofin tsakar gidan da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowace da kwaɗonta.

"Wancan ɗakin ƙanenki Nasiru ne. Da ya tashi tafiya Agadas cewa aka yi wata uku. Shekara bakwai yau. Wancan na Mahamud, shi ma lokacin da ya dace aka jira, sai a bakin mai goro na ji ya ƙetare Libiya. Rumfar can ubanku yake zama da almajiran sana'a shida, ƙamshin fata har titi. Yanzu akuyar maƙwabta ke kwana a ciki."

"Zamani ne, Inna. Wa ke cin abinci da dukanci yau? Aiki kuma ba ya tambayar mutum inda uwarsa take. Amma ai ba mu watse ba, muna da gurup a waya, duk muna ciki, da Yaya da Nasiru da Mahamud, kullum sai mun gaisa, har hotuna..."

"Ni ina ciki?"

"Wayarki ba irin wannan ba ce."

"To. Ashe gidan Malam Yakuba ya koma cikin waya, ni aka bari gadin kango."

"Haba Inna, kada ki ce haka."

"A cikin gurup ɗin aka yanke shawarar tuwon?"

Hawaye suka zubo wa Jummai.

Ni dai a nan tausayin Jummai na ji, don ba ita ta ƙulla ba, ita dai aka ba tukunya. Amma Inna ba ta da sararin tausayin kowa a lokacin. Ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da babban mayafinta na zuwa gaisuwar mutuwa.

"Ina za ki, Inna?"

"Gidan yayanki."

Jummai ta miƙe zumbur.

"Ke? Site?"

"Akwai wata ne?"

"Inna, ɗan fari ne fa! Ko kaciyar Zakari ba ki je ba, aike kika yi. Me mutanen Birni za su ce in suka ji kin taka gidansa da ƙafarki?"

Inna ta tsaya da ɗaurin mayafin, ta juyo ta dube ta sosai.

Gaskiya ne. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa kiran sunan Mutari ba. "Yaron nan" take cewa, ko "yayanku", da aka haifi Fati ya zama "baban Fati". Ba ta taɓa tambayarsa ina za ka ba, ba ta taɓa cewa na yi kewarka ba, ba ta taɓa leƙa gidansa ba. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma duk Birni an san Sa'a ta riƙe ta da kyau.

"Ashe da wannan kuka dogara," ta ce a hankali. "Kun ce Inna ba ta zuwa, Inna ba ta tambaya. Kunyata kuka ɗauka kuka yi mini labule da ita."

"Ki jira kiransa na la'asar, don Allah. Saura kaɗan."

"Zan jira shi. A can. Kawo wayarki."

"Inna..."

"Kawo."

Ta haɗa da ta Hamisu da tata, uku ke nan, ta zuba a 'yar jakarta. Ta sunkuya ta ɗauki kwanon da bai gama hucewa ba.

"Ki zauna ki yi mini gadin gida. Ki ji yadda shirunsa yake."

*

Hamisu ya yi magiya a zaure har ya gaji. Ya ce mai ya kusa ƙarewa, ta ce a tsaya a sha. Ya ce rana ta yi zafi, ta ce ba yau ta fara ganin rana ba. Ƙarshe dai ta hau ta zauna a karkace, kwano a cinya, suka bi lungunan Birni yashi na kama taya, mata na leƙowa daga zaure suna tambayar juna wa ya rasu.

A hanya tunani take haɗawa.

Da can kowace Juma'a Mutari yake zuwa bayan masallaci da yaran. Tun bayan sallah sau ɗaya ta sa shi a ido. Ya ce gyaran injuna ake a kamfani, ba a barin kowa fita. Yaran kuma wai jarrabawa. Ranar da ya zo ɗin idonsa ja, ƙafafunsa a kumbure har takalmi ya ƙi shiga, ya ce tsayuwar aiki ce. Ta dafa masa ruwan zafi da kanta. Bai ko kwana a gari ba ashe, ita ba ta sani ba, ta dai ga yana ta duba agogo.

Ta ji tsoro, tsoro na gaske. Ta roƙi Allah a ranta ya sa faɗa suka yi da Munira, ya sa rashin lafiya ce mai sauƙi, ya sa ma gajiya da ita aka yi. Duk wannan za ta iya ɗauka.

Site gidaje ne iri ɗaya a jere, fenti ɗaya, ƙofar ƙarfe ɗaya, ba zaure, ba dakali, ba kowa a waje. In ba lamba ba, ba ka bambanta gidan ɗanka da na baƙo. Hamisu ya tsaya a gaban mai lamba goma sha huɗu, ya kashe babur, ya ƙi sauka.

"Nan ne?"

"Nan ne... da."

Ta yi kamar ba ta ji kalmar ƙarshen ba. Ta sauka, ta gyara mayafi, ta ƙwanƙwasa.

Wata matashiyar mata ta buɗe, doguwa, da waya a hannu. Inna ba ta taɓa ganinta ba.

"Sannu Hajiya. Wa kike nema?"

"Mai gidan."

"Yana sarbis, wajen aiki, sai shida yake tashi. Ni ce madam ɗinsa, Lubna. Saƙo ne?"

 Ta leƙa ta gefen kafaɗar matar. Wata jar mota a ciki, da keken yara, da shanyar kayan jarirai. Fati shekararta tara, Zakari shida.

"Baban Fati nake nufi."

"Babu Fati a nan gidan."

"Baban Zakari."

"Hajiya, ko kin ɓata lamba ne? Gidajen suna ruɗarwa. Faɗi sunansa, in na san shi in nuna miki."

Inna ta buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshenta, inda ya shekara arba'in da ɗaya yana zaune, ya ƙi fita. Ta juya ta dubi Hamisu.

Hamisu ya dubi tankin babur ɗinsa, ya ce da shi:

"Mutari Yakuba."

"Au, Malam Mutari!" Lubna ta saki fuska. "Ai sun tashi. Afektasiyon aka yi masa, aka ƙara masa girma aka mayar da shi babban buro, ofishinsu na Yamai. Mu muka karɓi gidan. Wata biyu ke nan, bayan sallah da kwana huɗu."

"Yamai," in ji Inna.

"Yamai. Da madam ɗin da yaran duka, har an sa yaran lakwal, suna karatu a can. Mutanen kirki wallahi. Ranar da suke loda kaya ina nan, matar ta yi ta kuka, wai ba a bar ta ta yi sallama da uwar mijinta ba. Na ce a raina, wace irin uwar miji ce wannan da ake gudu a ɓoye? Ko dai masifaffiya ce? Kin san tsofaffin cikin Birni."

Hamisu ya runtse ido.

"Ke 'yar'uwarsu ce, Hajiya?"

"Maƙwabciya ce," in ji Inna.

"Ayya. Shigo ki sha ruwa mana, kin sha rana."

"Na gode. Nan ma ya isa."

Yamai. Inna ba ta taɓa zuwa ba, amma ta san masu zuwa. Kar ɗin fasinja yakan tashi da asuba, sai bayan isha ya isa, in hanya ta yi kyau. Ƙafa kuwa kumbura take yi har takalmi ya ƙi shiga. Ta tuna ruwan zafin da ta dafa, ta tuna yadda ta ce masa kamfanin nan zai kashe ka da tsayuwa, ya ce ba komai Inna.

Ta dubi kwanon da ke hannunta. Ya huce.

Daga wani masallaci can baya aka sallame la'asar.

Jakarta ta fara kuka. Ta zuge, ta zaro wayar da ke haske, ta Jummai ce. Inna ba ta karatun boko, ta juya fuskar wayar wajen Hamisu.

"Wane ne?"

"Inna..."

"Karanta."

"An rubuta Yaya."

Suka tsaya suna kallonta har ta katse. Ba a yi minti guda ba ta Hamisu ta fara kuka. Wannan ba ta tambaya ba, ganin fuskarsa ya isa. Ita ma ta yi ta gaji.

Sai yanzu ta gane yadda ake yi. A fara kiran mai tuwo a ji miyar me aka yi, a kira mai babur a ji ya kai lafiya, sannan a kira tsohuwa a ce yaya miyar. Ita kuwa kullum sai ta ji daɗi a ranta, ta ce yaron nan har abin da ke cikin kwanona ya sani.

Ta uku ta fara kuka, 'yar ƙaramar wayarta mai madannai. Ta danna kore, ta kai kunne.

"Salamu alaikum, Inna. Ina wuni?"

Muryarsa ce, mai sanyi, irin ta ubansa.

"Lafiya lau."

"Ya jikin? Kin sha maganin?"

"Na sha."

"Abinci ya iso?"

"Ya iso. Da zafinsa."

"Madalla. Yaya miyar... kukar?"

Inna ba ta ko kwance ƙyallen ba, amma tun a Birni hancinta ya gaya mata kuɓewa ce.

"Ta yi daɗi," ta ce. "A gaida mai hannun."

"Za ta ji. Ga ta can a madafa."

"Yaran fa?"

"Suna nan tsakar gida suna ta ɓarna."

Can ƙasa-ƙasa ta jiyo dariyar Fati, da muryar Zakari yana cewa a ba shi wayar ya gaida matarsa. Idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi. Lubna na tsaye riƙe da ƙofa, fara'arta ta ɗauke, ta fara duban tsohuwar, ta dubi kwanon, ta kai hannu ta rufe bakinta.

"Kana ina?"

 Tunda aka haife shi ba ta taɓa yi masa wannan tambayar ba.

"Ina gida, Inna. Yanzun nan na shigo daga aiki."

"Site?"

"E mana. Ina kuma zan je?"

"Lamba goma sha huɗu."

"...E. Inna, lafiya? Wa ya gaya miki lambar?"

Ta sunkuya ta ajiye kwanon a bakin ƙofar, a hankali, kamar mai ajiye jariri. Ta miƙe. Hamisu ya sauko daga babur bai san ya sauko ba.

"Mutari."

Numfashinsa ya tsaya a cikin wayar. Har dariyar yaran ta ɗauke, kamar an ɗaga musu hannu.

"Inna... sunana kika kira?"

"Mutari, fito ka shigar da ni. Ga ni a ƙofar gidanka, na kawo maka kwanonka."